Daga Motar Kara Zuwa Motar Kwana-kwana Mai Rimot: Yadda Ake Haɗa Ta da Abin da Take Koyarwa

Kusan duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya karaɗe Facebook da TikTok: ga yaro daga wani gari na Arewa ya ƙera tifa, ko katafila, ko motar 'yan kwana-kwana, yana danna rimot tana gaba tana baya, jama'a sun yi masa zobe. Masu sharhi kuwa gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce maza gwamnati ta ɗauke shi ta kai shi China. Wasu su ce shiririta ce, gara ya bi mahaifinsa gona. Da masu yabon da masu kushen, da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka haɗa abin, da abin da yaron ya riga ya iya, da abin da ya rage masa. Alhali amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna ko wasan zai zama sana'a.

A cikin duk motocin da ake kwaikwaya, motar kashe gobara ta fi kowace tara aiki. Tifa tafiya take ta juye kaya. Ita kuwa wannan sai ta yi tafiya, ta karya kwana, ta kunna fitila mai walƙiya, ta yi jiniya, ta ɗaga tsani, sannan ta fesa ruwa. Ga ruwa ga lantarki a cikin akwatin da bai kai tsawon hannu ba. Wanda ya haɗa ta ta yi aiki, to ya taɓa sana'a uku: ƙira, fenti da haɗa waya.

Harsashin da ke ƙasa

A ɗauki Indabo misali: ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, kuma kamar sauran garuruwan noma na ƙasar Kano, da zarar an yi girbin dawa sai kara ya wadata. Da karan nan yaran Hausa suka daɗe suna ƙera mota: a ɓare bayansa a samu tsinke, a yanka totuwar a jera, a soke su da juna har a fitar da kai da bodi. Wanda ya ƙara wayo sai ya koma gwangwanin madara da langa-langa, ya yanko taya daga tsohon silifas, ya ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari. Babu malamin da ke koyar da wannan a aji. Ƙane yana gani a hannun wa, ya gwada, ya ɓata, ya sake.

Bai kamata a raina wannan harsashi ba. Yaron da ya yi motar gwangwani ya san cewa in ƙarfen taya ya karkace mota za ta riƙa jan gefe, ya san inda ake naɗe bakin gwangwani don kada ya yanki hannu, ya san nauyi in ya yi sama mota kifewa take. Abu biyu ne wasan gargajiya bai ba shi ba. Na farko awo, domin da ido yake aiki. Na biyu sanin halin lantarki, domin da igiya ko waya ake jan motarsa. A kan waɗannan biyu kusan duk matsalar motar rimot take.

Awo kafin almakashi

Masu wannan sha'awa a Jamus da Japan da Amurka suna aiki da ma'auni tsayayye. Wanda ya fi shahara a manyan motoci shi ne 1:14, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa, ma'ana kowace santimita 14 a jikin motar gaske ta zama santimita ɗaya. Motar kashe gobara mai tsawon mita 8.4 za ta dawo santimita 60. Faɗinta na mita biyu da rabi zai dawo kusan santimita 18. Tayar da ta ɗan haura mita ɗaya za ta dawo santimita bakwai da rabi. Daga taya ya fi kyau a fara, domin ita ce ta fi wuyar ƙerawa. In tayar da aka samu a tsohuwar motar wasa santimita biyar ce, sai a sauya ma'aunin ya koma 1:20, a yi sauran lissafin a kanta. Yawancin motocin da ake gani kai ya yi ƙato, ko taya ta yi ƙanƙanta kamar an aro ta, a nan aka kuskure.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan daɗi. Tsawo da 14 ake raba shi, amma nauyi da cikin tanki sai an raba su da 14 sau 14 sau 14, wato 2,744. Motar da ta kai tan 14 in ta cika, 'yar ƙaramarta kilo biyar ya kamata ta yi. Tankin lita 4,000 zai dawo kusan lita ɗaya da rabi, daidai babbar gorar ruwa guda. Gudun kilomita 70 a awa zai dawo kilomita biyar, wato tafiyar mutum a ƙasa. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya fahimci darasin da ake sha da ƙyar a ajin sakandare, kuma ya san tun kafin ya yanka komai irin nauyin da injinsa zai ja.

Bayan awo sai zane. Takardar kwali da fensir da rula sun isa: a zana motar ta gefe, ta gaba, ta sama, a nuna mazaunin batir da tanki da famfo. Sannan a yanka kwalin a haɗa shi a gani. Kuskuren da aka gano a kwali ba ya cin kuɗi.

Ƙashi da jiki

Shasi, wato ƙashin da komai ke zaune a kai, shi ne ke buƙatar abu mai ƙarfi: falankin katako marar kauri, ko sandunan alminiyon da masu haɗa taga ke zubarwa. Jiki kuma an fi yin sa da ɗaya daga abu uku. Gwangwani da ragowar kwanon rufi suna da arha kuma suna karɓar fenti, sai dai suna tsatsa in ruwa ya zauna, ga kaifi. Kwali yana da sauƙin yanka, amma ba ya shiri da ruwa, kuma motar nan da ruwa take aiki. Na uku shi ne bututun roba na masu aikin famfo: a tsaga shi, a gasa a hankali har ya yi laushi, a danne tsakanin katako biyu ya huce, sai ya zama faranti mai yankuwa da wuƙa, mai kama gam, wanda ruwa ba ya yi masa komai. Sharaɗinsa ɗaya, a gasa shi a fili inda iska ke kaɗawa, kuma kada a bari ya ƙone, domin hayaƙinsa guba ne.

Wurin da ake gane gwani shi ne ƙafafun gaba. A motar gwangwani, ƙarfen gaba ɗungurungum yake juyawa a kan ƙusa ɗaya. A motar gaske kowace taya a kan nata ƙarfen take juyawa, kuma ta ciki ta fi ta waje karyewa, saboda da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. Wani maƙerin keken doki a Munich mai suna Georg Lankensperger ne ya fito da wannan tsari, Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, sunansa kuma ya bi shi har yau. Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin mota a garejin bakanike zai ga sandar da ke haɗa tayoyin biyu, kuma da wayar keke da 'yan ƙananan notuna ana kwaikwayonta.

Sai batun giya. Ƙaramin injin da ake cirowa daga tsohuwar rediyo mai kaset ko na'urar DVD, wanda masu gyara ke kira moto, yana juyi dubbai a minti ɗaya, amma ba shi da ƙarfin ja. Tayar santimita bakwai da rabi kuwa juyi 350 kacal take buƙata a minti don ta yi kilomita biyar a awa. In moton yana juyi 10,000, sai an rage shi kusan sau talatin. Wanda ya liƙa moto kai tsaye a taya zai ga tana gudu in ya ɗaga motar sama, da ya ajiye ta a ƙasa sai ta tsaya tana gunji. Maganin shi ne haƙoran giya daga tsohuwar na'urar buga takarda, ko moton da ya zo da giyarsa, irin na tsohon abin huda katako mai batir.

Tanki a ƙasa-ƙasa ake ajiye shi, kusa da tayoyin baya, kuma a raba cikinsa da faranti mai huji. Haka tankokin gaske suke, don kada ruwa ya riƙa tambal-tambal ya kifar da mota a kwana. Famfon da ya fi dacewa shi ne wanda ke fesa ruwa a gilashin mota, ana samun na hannu a wajen masu kayan gyara irin na Ƙofar Ruwa a Kano. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti, sabo wanda ba a yi amfani da shi ba, yana zama mesa. Tsani kuma ana ɗaga shi da sirinji biyu da tiyo ya haɗa: a tura ɗaya, ruwa ya tura ɗayan. Ka'idar da ke ɗaga bayan tifa ke nan, sai dai ita da mai take aiki.

Fenti

Jan fenti yana tona asirin duk wani ƙwarzane da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa aikin ke farawa tun kafin a buɗe gwangwanin fesawa. A wanke jiki da omo don fitar da maiƙon hannu, a cike ramuka, a goge da samfefa mai kaushi sannan mai laushi. Daga nan sai fentin ƙasa. Fari ya fi dacewa, domin ja ba ya rufe abin da ke bayansa sosai: a kan fari yana haske, a kan baƙi ko ruwan toka mai duhu sai ya koma kamar jinin kare. Ana fesawa daga nisan kamar taƙi ɗaya, hannu yana tafiya ba ya tsayawa, shafi biyu ko uku marasa kauri, ana ba kowanne lokaci ya sha iska. Mai gaggawar da ya zuba shi lokaci guda, fentin zai yi hawaye, kuma gyaran hawaye ya fi fentin farko wahala.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A lokacin hunturu ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti, don haka sai a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kuma kifa babban kwali a kan aikin da zarar an gama. A tsakar ranar bazara fentin kan bushe a iska kafin ya isa jiki, ya fito da gurza-gurza. Da damina kuma laima na dusashe ƙyallinsa. Hantsi ko la'asar, a inuwa, shi ne lokacinsa. Kuma a fara gwadawa a kan guntun abin da aka yi jikin da shi, domin wani fentin fesawa yana narkar da farin soson da ake tallafe talabijin da shi a kwali.

Farin layi da rubutu sai jan ya bushe sarai, a liƙa tef a fesa, a cire tef ɗin a hankali. Ƙofofin akwatunan kaya ruwan azurfa ne, ƙarƙashi baƙi. A nan ba sai an je nesa neman malami ba. Masu zanen manyan motoci da masu rubutun allon shago sun daɗe da ƙwarewa a layi da harafi, kuma masu sitika suna sayar da tef mai ƙyalli da dare. Lambar da ta dace a rubuta a ƙofa ita ce 112, lambar kiran gaggawa ta Nijeriya, ko banza masu kallo sa haddace ta. Duk wannan kafin a saka fitilu da gilashi ake yin sa, in ba haka ba fenti ya rufe su.

Waya da rimot

Sarrafa abu daga nesa ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa da igiyar rediyo a birnin New York. Abin da ya sauya shi ne arha. Yau hanya uku ce a gaban mai ƙira.

Ta farko, a ciro allon tsohuwar motar wasa da rimot ɗinta. Yawancinsu a kan megahaz 27 ko 49 suke, kuma umarni huɗu suka sani: gaba, baya, hagu, dama. Babu sannu babu sauri, kuma in biyu masu zango ɗaya suka haɗu a wuri guda, rimot ɗin wannan zai riƙa juya motar wancan. Allon an yi shi ne don ƙaramin moto, in aka ɗora masa motar kilo biyar zai ƙone. Dabarar ita ce a sa rile a tsakani: allon ya kunna rile, rile ya ɗauki wuta mai nauyi daga batir zuwa moto.

Ta biyu, rimot na gigahaz 2.4 wanda ke ƙulla alaƙa da mai karɓarsa shi kaɗai, kuma yana bin yatsa, in an tura kaɗan mota ta tafi a hankali. Da shi ake amfani da sabo, wato ɗan injin da ke juya sitiyari zuwa daidai inda aka ce ya tsaya. Motar kwana-kwana tana son layi huɗu aƙalla: tafiya, sitiyari, famfo, da tsani ko fitilu.

Ta uku, allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗalibai, a haɗa shi da ɗan allon Bluetooth, wayar hannu ta zama rimot. Wannan ta fi koyarwa, domin sai an rubuta wa allon umarni a kwamfuta, kuma da shi ake tsara walƙiyar fitila da kukan jiniya yadda ake so. Wanda ba shi da kwamfuta, ƙaramin guntun nan mai lamba 555, wanda ke kasuwa tun 1972 kuma kowane mai gyaran rediyo ya san shi, yana sa fitilu biyu su riƙa karɓa-karɓa.

Kowace hanya aka bi, ka'idojin ba sa sauyawa. Jar fitilar LED bolt biyu take so, in za a ba ta wuta daga batir mai bolt 7.4 sai an sa mata resista mai om 270 ko sama, in ba haka ba ta yi haske ɗaya ta mutu. Moto yana tartsatsi a ciki wanda ke rikita mai karɓar saƙo, sai a liƙa ƙaramar kafasita mai lamba 104 a ƙafafunsa biyu. Famfo yana zuƙar wuta da yawa a lokacin tashi, har mota ta ɗauke, don haka ya fi kyau a ba shi batirinsa daban. A sa makunni da fiyus kusa da batir. A haɗa waya da dalma, a daina murɗawa da haƙori ana naɗewa da leda. Ja ga wuta, baƙi ga ƙasa, kada a sauya ko sau ɗaya. Allunan kuma a ɗaga su sama da tanki, cikin robar da ke rufuwa.

Batir ne wurin da ake wasa da rai. Ƙwayoyin 18650 da ake cirowa daga mataccen batirin laftof suna da ƙarfi da arha, kowace bolt 3.7, in ta cika 4.2. Ba a wuce haka wajen caji, ba a barin ta ta sauka ƙasa da bolt uku, ba a barin ta a rana, kuma wadda ta lotsa ko ta yi tsatsa a rabu da ita. Akwai ƙananan allunan caji masu yanke wuta da kansu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya jona irin wannan batir kai tsaye da cajar da ba tasa ba, ya kwanta barci a ɗaki mai katifa da labule, yana iya tayar da gobarar da sai motar gaske ta zo.

Wasa ne ko sana'a

Gaskiyar da masu yabo ba sa so a faɗa ita ce, haɗa ƙaramar mota ba ƙirƙira ba ce, kuma ba ta nufin gobe yaro zai ƙera babba. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic, ya kuma ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa. Hazaƙa ce babba, amma tsakaninta da jirgin da zai ɗauki fasinja akwai shekaru na lissafi da gwaji. Gaskiyar da masu kushe ba sa gani kuma ita ce, manyan kamfanonin mota har yau da ƙaramin samfuri suke fara siffanta sabuwar mota. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta Nijeriya a 2017, ta makaranta ya bi: kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan makarantar zane a Detroit. Baiwa ce ta haɗu da horo.

Ko da yaro bai kai can ba, abin da ya koya ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mai iya dalma da karanta mita ya kama hanyar gyaran waya da haɗa sola da wayarin mota. Mai iya samfefa da fesawa ya kama hanyar fentin mota. Akwai ma darasin zama ɗan gari. Wanda ya ga tankinsa ya ƙare cikin ɗan lokaci zai gane cewa lita 4,000, in ana fesa lita 1,000 a minti, minti huɗu ce. Zai gane dalilin da ya sa gobara irin ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ba ta mutuwa da ruwan da mota ta ɗauko kaɗai, sai da wurin ɗiban ruwa a kusa da hanyar da mota za ta kutsa. Irin wannan yaro in ya girma ya yi shago, da wuya ya kafa rumfa a kan hanya.

Wudil kuwa ba ta rasa inda za a ɗora wannan aiki ba. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022, da tsangayarta ta injiniya. Ga kwalejin koyon sana'a ta gwamnati a garin. Ga masu walda da masu gyaran rediyo da waya, ga kasuwar Juma'a. Abin da bai fi ƙarfin kowa ba shi ne ɗaliban injiniya su riƙa zagaya makarantun Indabo da Utai da Darki da Lajawa da mita ɗaya da ƙarfen dalma ɗaya, sannan a shirya gasa sau ɗaya a shekara bayan girbi. Sharuɗɗanta su zama na awo: mota ta bi layi ta karya kwana ba ta taɓa dutse ba, ta fesa ruwa ya kai nisan da aka shata, mai ita kuma ya kawo zanensa da lissafinsa ya yi bayani da bakinsa. Sharaɗin ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci, domin shi zai raba wanda ya fahimta da wanda aka haɗa wa, kuma shi zai sa na baya ya samu takardar da zai fara daga inda na gaba ya tsaya.